Nazarin Lamari: Kiran Minti 19 da Ya Kwashe Jarin Wani Ɗan Kasuwar Albasa a Mile 12

Mutumin da kasuwancinsa

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwar albasa ne mai shekara 52, ɗan asalin ƙasar Aliero a jihar Kebbi, wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana sayar da kaya a kasuwar Mile 12 da ke ƙaramar hukumar Kosofe a Legas. An sakaya sunansa da na bankinsa, kuma a nan za a riƙa kiransa Alhaji kawai, kamar yadda yaran rumfarsa suke kiransa. Yana da karatun allo mai zurfi, yana rubuta lissafinsa da ajami a wani littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi, yana kuma jin Yarbanci da Turancin buroka gwargwadon bukatar ciniki. Abin da bai iya ba shi ne karanta saƙon banki, wanda da Turanci yake zuwa. Idan alat ya shigo, adadin kuɗin kawai yake dubawa.

Har zuwa ƙarshen shekarar 2022 kusan duk cinikinsa da tsabar kuɗi yake yi. Sauya fasalin naira da Babban Bankin Najeriya ya yi a zamanin Godwin Emefiele, da ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo baya a farkon 2023, su suka tilasta masa karɓar tiransifa kamar sauran 'yan kasuwa. A lokacin ne ɗan ƙanwarsa, wani saurayi mai shekara 24 da ke taya shi aiki, ya rubuta masa lambar asusu da sunan banki da lambar waya a jikin kwali, aka rataye a bakin rumfa domin masu saye su riƙa dubawa. Lambar wayar da ke jikin kwalin ita ce wadda banki yake turo wa alat, ita ce kuma wadda iyalinsa suke kiransa da ita daga gida.

Ba duk kuɗin da ke shiga asusun ba ne nasa. Manoma uku a gida suna ɗora masa kaya a mota bisa amana, sai ya sayar, ya cire la'adarsa da kuɗin mota da na 'yan dako, ya tura musu sauran.

Yanayin da ake ciki a ƙarshen Fabrairun 2024

Wa'adi biyu na gaskiya sun haɗu a mako guda. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukan da ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ta NIN ba zuwa ranar 28 ga Fabrairu, Babban Banki kuma ya riga ya fitar da sanarwa tun watan Disambar 2023 cewa daga 1 ga Maris za a dakatar da hada-hada a asusun da ba shi da lambar tantancewa ta banki, wato BVN, ko NIN. Maganar ta cika kasuwa, a rediyo da majalisa da wajen mai shayi, kuma kamar yadda aka saba, kowa da yadda ya fahimce ta. Asusun Alhaji ya daɗe da cika waɗannan sharuɗɗa, amma shi bai tabbatar ba, kuma bai samu sararin zuwa banki ya tambaya ba, domin lokaci ne da sabuwar albasar rani take sauka ba dare ba rana.

Litinin, 26 ga Fabrairu: kiran farko

Da misalin ƙarfe 4:20 na yamma, bayan sallar la'asar, ana tsaka da sauke buhuna, wata lamba da bai sani ba ta kira shi. Mai kiran ya yi sallama da Hausa tsantsa, ya ce: "Alhaji, barka da kasuwa. Daga babban ofishin bankinka nake kira." Ya ambaci cikakken sunansa, suna uku a jere kamar yadda yake a banki, ya karanto lambar asusunsa ba tare da kuskure ba. Sannan ya ce sunansa ya fito cikin waɗanda za a rufe wa asusu ranar Juma'a, amma an ba su izinin gyara wa tsofaffin kwastomomi ta waya, don kada dattijo kamarsa ya bar kasuwa ya je ya wuni a tsaye.

Alhaji ya ce abin da ya kwantar masa da hankali shi ne harshen da aka yi masa magana da shi. Shekara da shekaru idan ya shiga banki a Legas sai ya nemi mai fassara, yau ga banki da kansa ya kira shi da Hausa, yana ce masa "ranka ya daɗe".

Mai kiran ya sa ya ciro katinsa na ATM daga aljihu ya karanto lambobin gaba, da ranar ƙarewar katin, da lambobi uku na baya. Da aka zo kan lambar sirri, sai ya ce: "Wannan kam kada ka faɗa mini da baki, Alhaji, ko ni ma'aikacin banki doka ta hana ni ji. Danna ta a jikin wayarka kawai, kwamfuta ce za ta karɓa." Wannan ya ƙara masa yarda, domin ya sha jin cewa ba a faɗa wa kowa lambar sirri. Bai san cewa kowace lamba da aka danna yayin kira tana fitar da nata sauti ba, kuma ana iya gane lambar daga sautin. Bayan haka saƙo ya shigo ɗauke da lambobi shida. A cikin saƙon akwai gargaɗi da Turanci cewa kada a bai wa kowa waɗannan lambobi, amma Alhaji lambobin kaɗai ya iya karantawa, ya kuwa karanto su.

Kiran ya ɗauki minti 19. Kafin ya ajiye, mai kiran ya gaya masa cewa zai ga alat na fitar kuɗi, kada ya tsorata, ana mayar da kuɗin ne zuwa sabon tsari kuma za su dawo cikin awa 24, sannan kada ya gaya wa kowa domin a cewarsa 'yan damfara sun yi yawa a kasuwa.

A asusun akwai naira 2,350,000. Kafin magariba an fitar da naira 500,000 sau huɗu zuwa asusu huɗu daban-daban, aka tsaya a miliyan 2, wanda shi ne iyakar abin da asusun zai iya turawa a rana. Daga baya banki ya bayyana cewa an yi amfani da bayanan katin da lambobi shidan nan aka buɗe manhajar banki da sunansa a wata wayar daban.

Daren farko da washegari

Zuwa sallar isha zuciyarsa ta fara raya masa cewa akwai matsala. Ya kira lambar sau 11, tana kashe. Ɗan ƙanwarsa yana kwance a ɗaki ɗaya da shi a unguwar Ketu, amma bai tashe shi ba, domin yana jin nauyin yaron da ya goya da hannunsa ya ji cewa an yaudare shi ta waya. Ya kwana yana juyi yana fatan kuɗin za su dawo da safe kamar yadda aka alkawarta.

Da ƙarfe 12:10 na dare, da sabuwar rana ta shiga a lissafin banki, aka sake fitar da naira 340,000.

Bayan sallar asuba ya miƙa wa yaron wayar ba tare da ya ce komai ba. Yaron ya karanta saƙonnin a tsaye a ƙofar masallaci, ya ce: "Kawu, wa ka karanta wa wannan lambar?" Nan take ya kira lambar da ke bayan katin aka toshe shi, kuma ƙarfe 8 na safe ta same su a ƙofar reshen banki. An rufe manhajar da aka buɗe, an dakatar da asusun, an ba su takarda suka rubuta ƙorafi, aka ba su lambar bibiya. Ma'aikaciyar da ta saurare su ta ce za a aika wa bankuna da kamfanonin da kuɗin suka shiga a nemi su riƙe abin da ya rage, ta kuma shawarce su da su kai rahoto wajen 'yan sanda, suka kai a ranar. Tsakanin kiran da toshe katin an samu kimanin awa 13.

Makon farko na Maris: mai alkawarin dawo da kuɗi

Kwana shida bayan haka wata lamba daban ta kira. Mai maganar ya ce shi jami'in hukumar EFCC ne, an kama gungun da suka cuce shi, an kuma samu kuɗinsa. Ya faɗi adadin daidai, har da naira 340,000 da aka cira da tsakar dare, abin da Alhaji ya ɗauka babu wanda ya sani sai banki da hukuma. Ya ce ana bukatar naira 150,000 na takardun kotu kafin a saki kuɗin, ya kuma karɓi sunan magajinsa da lambar waya domin cike fom. Alhaji ya ba da sunan uwargidansa da lambarta.

A wannan karon ma bai shawarci kowa ba. Manoman gida sun fara kira suna tambayar kuɗinsu, shi kuma yana ta ba su haƙuri da cewa kasuwa ce ta tsaya, yana so ya gyara ɓarnar a ɓoye kafin labari ya kai gida. Ya ranci kuɗin a wurin wani maƙwabcin rumfa, ya je wajen mai POS da ke bakin titin Ikorodu ya tura. Lambar ta mutu a daren. Shigar da ƙorafi a hukumar EFCC kyauta ne, ofishinta na Legas kuma yana kan titin Awolowo a Ikoyi, inda mutum zai iya zuwa da ƙafarsa ya tambaya. Asara ta kai naira 2,490,000.

Matakan da aka gwada zuwa tsakiyar Maris

Da yaron ya gano abin da ya sake faruwa, sai ya shiga neman kariya ta hanyar waya. Ya toshe lambobin biyu, amma cikin kwana goma wasu sababbi huɗu suka kira da labarai iri-iri, ɗaya ma ya ce Alhaji ya ci gasar kamfanin waya. Ya tura saƙon STOP zuwa 2442, tsarin da NCC ta kafa domin hana saƙonnin talla. Tallace-tallace sun ragu, kiran damfara bai ragu ba, domin tsarin bai shafi mutumin da ke kira daga layinsa na kansa ba. Ya ɗora manhajar Truecaller a babbar wayarsa yana duba lambobin da suka kira kawunsa, sai ya tarar ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da sunan sashen kula da kwastomomi na banki, saboda sunayen da manhajar take nunawa daga masu amfani da ita suke fitowa, kuma ɗan damfara ma yana iya sanya wa lambarsa sunan da ya ga dama.

Shi kuwa Alhaji nasa matakin shi ne daina ɗaga duk lambar da bai sani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Cikin mako guda ya rasa masu saye biyu daga unguwar Ajah da suka kira suka gaji, wani direban mota kuma ya kwana da kaya a Berger, mashigar Legas, yana neman sa bai same shi ba. Ɗan kasuwa ba ya iya rayuwa da wayar da ba a ɗagawa, don haka wannan matakin bai kai kwana takwas ba.

A tsakiyar Maris banki ya ba da amsa a rubuce: tunda mai asusun ne da kansa ya bayar da lambobin, banki ba zai biya ba, amma ɗaya daga cikin asusun da kuɗin suka shiga an same shi da ragowar naira 420,000 kuma an riƙe su. Sauran an riga an kwashe su ta hannun masu POS tun daren farko.

Watan azumi: sauya tsari

An ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga Maris. A daren uku ga wata, bayan an sha ruwa, yaron ya zaunar da shi ya ce: "Kawu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutanen nan sun fi mu sanin cewa kana jin kunya, da ita suke cin ka." Alhaji ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ɗauki waya ya kira manoman uku ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu gaskiya. Biyu sun yarda a biya su a hankali, ɗaya ya ce a cire masa kasonsa daga mota mai zuwa. Ya kira uwargidansa ya gaya mata ita ma.

Daga nan aka yi gyare-gyare. An sayi sabon layi aka yi masa rajista da NIN ɗin Alhaji, aka je banki aka mayar da alat da lambobin tabbatarwa kansa, aka sa wa sim ɗin lambar kulle, aka ajiye shi a wata ƙaramar waya da ba a kira da ita kuma ba a bai wa kowa lambarta. An buɗe asusu na biyu wanda shi ne a jikin kwali, ana kwashe abin da ya taru a cikinsa kowace yamma zuwa babban asusun da ba shi da katin ATM, aka kuma rage iyakar turawa ta rana zuwa abin da ciniki yake bukata. An cire lambar waya daga jikin kwalin. A nan ne yaron ya nuna wa kawunsa abin da ya ba shi mamaki fiye da komai: ya shigar da lambar asusun da ke jikin kwalin a manhajar bankinsa, sai ga cikakken sunan Alhaji ya fito, suna uku a jere. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rumfar ya ɗauki hoton kwalin yana da duk abin da mai kiran farko ya faɗa.

Sannan aka kafa doka guda a gidan, a Legas da Aliero: duk kiran da ya haɗa maganar kuɗi da gaggawa, ko daga wa ya fito, a ce "zan kira ka", a ajiye waya, a kira wani na gida a lambar da aka sani. Idan an ce banki ne, a kira lambar da ke bayan kati ko a je reshe.

A ranar Juma'a ta biyu ta azumi Alhaji ya miƙe a masallacin da 'yan kasuwa suke salla ya ba da labarinsa da bakinsa, har da adadin kuɗin. Wanda ya san yadda dattijon Bahaushe yake tsare mutuncinsa a gaban abokan ciniki ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin ya fita, mutum uku sun ja shi gefe sun ce su ma an yi musu irin wannan kiran a makon wa'adin, kuma ɗaya daga cikinsu ya yi asara bai taɓa gaya wa kowa ba.

Kiran da aka yi wa uwargida

Kwana huɗu kafin ƙaramar salla, wadda ta kama ranar Laraba 10 ga Afrilu, aka kira uwargidansa a Aliero. Mai kiran ya ambaci sunanta da na mijinta, ya ce mota ta buge Alhaji a kan titin Ikorodu, yana asibiti, likita ya ce ba za a taɓa shi ba sai an ajiye naira 200,000 cikin awa ɗaya. Ta ce tana jin hayaniya da kuka a bayan muryar, ƙafafunta suka kasa ɗaukarta, har ta aika a kira ƙanin mijinta a nemo kuɗi. Sai ta tuna dokar. Ta ce wa mutumin za ta kira shi, ya ce babu lokaci, ta kashe duk da haka, ta kira yaron. Yaron ya ce: "Inna, ga Kawu nan yana ƙirga buhu," ya miƙa masa wayar. Ba a yi asarar ko sisi ba.

Afrilu zuwa Mayu: abin da ya dawo

Ka'idar Babban Banki ita ce a fara kai ƙorafi banki, a ba shi mako biyu, idan ba a gamsu ba a rubuta wa sashensa na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Yaron ya bi wannan hanya, ya haɗa lambar bibiya da rahoton 'yan sanda da jerin alat ɗin. Sakin naira 420,000 da aka riƙe ya bukaci umarnin kotu, wanda ya ci zirga-zirga sau biyar da kuɗin lauya. Kuɗin sun shigo a mako na biyu na watan Mayu, kimanin mako 11 bayan kiran farko. Ba a kama kowa ba.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Idan aka jera asarar bisa lokaci, miliyan 2 ne kaɗai suka tafi sakamakon yaudarar farko. Naira 340,000 na tsakar dare da 150,000 na mai alkawarin dawo da kuɗi sun tafi ne bayan Alhaji ya riga ya fara zargi, kuma dalilinsu ɗaya ne, wato shirun da ya yi. Da an toshe katin an kuma dakatar da asusun da isha, da kashi na biyu bai fita ba, wataƙila ma da an riski fiye da 420,000 a asusun da kuɗin suka sauka, domin tiransifa a Najeriya nan take take isa, kuma masu wannan sana'a ba sa barin kuɗi su kwana wuri ɗaya.

Ban ga dalilin kiran abin da ya same shi wauta ba. Mutumin da ya riƙe amanar manoma shekara 20 a kasuwa kamar Mile 12 ba shi da ƙarancin wayo. An zo masa ne da labarin da rabinsa gaskiya ne, a makon da hukumomi da kansu suke maganar rufe layi da asusu, da harshen da yake marmarin ji daga banki, a lokacin da hankalinsa yake kan buhuna. Gargaɗin da ya kamata ya tsayar da shi kuma an rubuta shi da harshen da ba ya karantawa, kuma wannan gibi ne da ya shafi 'yan kasuwa da yawa daga arewa da ke hulɗa da bankuna a Legas.

Toshe lambobi da manhajar gane mai kira sun gaza ne domin dukkansu suna ƙoƙarin tantance wanda yake kira, alhali sauya lamba da suna shi ne abu mafi sauƙi ga ɗan damfara. Dokar ajiye waya ba ta bukatar a gane ko mai kiran na gaskiya ne, shi ya sa ta yi wa uwargida aiki a lokacin da tsoro ya hana ta tunani. Raba layin banki da layin ciniki, da raba asusun kwali da babban asusu, sun rage abin da kuskure ɗaya zai iya jawowa ko da an sake yin sa.

Zuwa ƙarshen watan Mayu asarar da ba ta dawo ba ta tsaya a naira 2,070,000, ban da kuɗin lauya. Alhaji ya biya maƙwabcin rumfarsa da manomi ɗaya, yana biyan sauran biyun daga kowace mota, kuma bashin yana rubuce da ajami a shafin ƙarshe na littafinsa mai baƙin bango. Kiran baƙin lambobi bai daina zuwa ba, sau ɗaya ko biyu a mako, yana ɗagawa ya saurara, idan aka ambaci banki ya ce zai kira, ya ajiye.